Ranar da Na'am Ya Toshe Kunne

Faɗan da Gwaggo ta yi da ɗan ƙanenta a falonsa, har yau idan matarsa ta tuna sai ta kama baki. Da rana tsaka Gwaggo ta faɗo gidan, ta zube a kujerar nan mai laushi da ta tsana, don tashi daga cikinta aiki ne. Ko gaisuwa ba ta bari an gama ba.

"Kai, ka ji abin da kamfanin ruwa ke shirin yi mana? Famfon bakin layi za su cire, wai..."

Ba ta kai ƙarshe ba, sai mutumin nan, da furfurarsa da tabaransa, ya ɗaga hannu biyu ya toshe kunnuwa.

"Gwaggo, don Allah ki tsaya nan. Ba zan iya jin maganar nan ba."

"Ba za ka iya me ba?"

"Maganar tana gaban hukumarmu. Doka ta hana ni sauraron ɓangare ɗaya a gida. Ki zo zaman sauraron jama'a ki faɗa a gaban kowa."

"Ni ce ɓangare? Ni da na goya ka har bayana ya sage? Kunnen nan da kake toshewa, wa ya fi ni murɗa shi? Sauke hannunka, mara kunya!"

Bai sauke ba. Gwaggo ta yunƙura, kujera ta riƙe ta, matar gida ta kawo hannu, ta ture. Ta ƙi ruwan da aka kawo mata, ta ƙi motar da za ta mai da ita.

Abin da ya fi ƙona mata rai, duk duniya babu wanda ya kai yaron nan sauraron mutane. Tun da iyayensa suka rasu ya dawo hannunta, ko daga ina ka kira shi zai rangaɗa maka "Na'am!" har maƙwabta su ji. Zuwa ne dai ba ya yi. Da haka sunan ya bi shi. Ta aike shi famfon bakin layi da bokiti, sai ta gaji da jira ta leƙa, ta tarar da shi a tsakiyar mata yana raba gardamar wadda ta riga wata zuwa. Ya saurari wannan, ya saurari waccan, ya ba mai goyo layinsa, ya ba tsohuwa layinsa, ruwa ya ɗauke, ya dawo gida da bokiti a bushe yana murmushi kamar wanda ya yi abin kirki.

Da ya girma ya zama malamin makaranta. Malamai suka ga yana da haƙurin jin koke, suka ɗora shi a kan ƙungiyarsu. Daga nan mutanen unguwa suka ce ai ga ɗansu, suka tura shi majalisar jiha. Gwaggo ta wayi gari ana ce mata uwar Onarabul, har mai nama yana ƙara mata tsoka.

Kullum safiya benci biyun ƙofar gidansa a cike suke. "Na'am, Baba." "Na'am, Inna, na ji, wallahi na ji." Kuma ya ji ɗin, don bayan shekara idan ya gan ka zai tambaye ka ƙafar nan da ta kumbura. Amma kwatar layi tana nan yadda take. Ɗan matar tela da ya gama karatu yana nan yana zaman kashe wando. Abokansa na majalisa suka yi wuya, suka yi bene, shi kuwa ya samo hawan jini, motarsa kuma sai an tura take tashi. Gwaggo ta rasa inda za ta sa shi. Da ɓarawo ne da ta tsine masa ta huta. Bai ci ba, bai ba kowa ya ci ba.

Kwamitin ruwa da wuta aka ba shi, ya kama wata doka guda ya yi ta fama da ita kamar mai jinya. Ranar da dokar ta wuce a majalisa ya zo ɗakin Gwaggo da gumi, yana ta bayani: daga yau kamfani ba shi da ikon ƙara farashi ko yanke wa unguwa ruwa sai an zauna an ji ta bakin mutanen wurin.

"To madalla," in ji Gwaggo. "A bokiti ake zuba ta, ko a jarka?"

Zaɓen da ya biyo baya ya sha ƙasa. Wani ɗan kasuwa ya raba wa mata jarkoki masu hotonsa, unguwa ta juya. Gwaggo ta karɓi jarka, don jarka ba ta yi mata laifin komai ba, ta shiga rumfa ta dangwala wa Na'am. Ba ta taɓa gaya masa ba, kada ya ɗauka yabo ne.

Bai daɗe a gida ba gwamna ya naɗa shi cikin mutum uku na hukumar da dokarsa ta kafa, masu sa ido a kan kamfanonin ruwa da wuta. Gwaggo ta ce to, yanzu dai wuƙa da nama suna hannunsa. Sai ga kamfani ya ce zai sa wa kowane gida mita, ya cire famfunan titi. Layinsu kuwa ɗakunan haya ne, ba bututu a ko ɗaya, masu gidajen ba su da niyyar ja. In famfon nan ya tafi, sai an tsallaka babban titi a sayo ruwa, ita kuwa gwiwarta ko dokin ƙofa da ƙyar take haurawa. Na'am ya sha cewa ta dawo gidansa, ta ce ba za ta ƙare rayuwarta a kujerar da ke haɗiye mutum ba. A kan wannan ta je masa, ya toshe kunne.

Ranar zaman ta tafi, da matar tela da mai kitso da sauran matan layi. Ɗakin a saman bene yake, sanyin na'ura kamar a ajiye gawa. Dogon tebur, kujera uku, shugabar hukumar a tsakiya, Na'am a gefe ya sunkuyar da kai. Can ga lauyan kamfani, ya ci kwat, yana ta kallon Gwaggo yana kallon Na'am, yana lasar baki.

Aka kira ta. Tana miƙewa, lauya ya fara ɗaga gindi daga kujera. Amma Na'am ya riga shi tashi. Ya cire tabarau ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan da za ta yi magana uwata ce, ita ta raine ni. Na cire hannuna daga wannan batu gaba ɗaya." Ya kama hanyar ƙofa ya fice. Lauya ya koma ya zauna a hankali, fuska kamar an ƙwace masa kwano yana cikin ci.

"Kai!" Gwaggo ta daka tsawa.

Daga bayan ƙofa aka ji, "Na'am!"

Bai dawo ba. Ɗaki ya kwashe da dariya, har shugabar ta rufe baki da hannu. Gwaggo ta juya wa kujerar da ba kowa ta wanke ta tas, tun daga bokitin da bai taɓa cikawa ba. Sai da shugabar ta ce, "Mama, maganar famfo fa?" sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Mai kitso ta faɗi nata, matar tela ta yi kuka.

Bayan 'yan makonni hukunci ya fito: famfo yana nan, ba mai taɓa shi sai bututu ya shiga kowane gida.

Da yamma ya zo, ya tarar da ita a ƙofar ɗaki, ya durƙusa. Ya fara bayanin cewa da ya saurare ta a gida, ko da ya zauna a wurin, lauya zai kai kotu a rushe komai. Gwaggo ba ta bukatar bayani, ta ga fuskar lauyan da idonta. Amma ba za ta ba shi wannan a arha ba.

"Shekara da shekaru kana kan kujera kana ce mana na'am, ba mu ga tsiya ba. Rana ɗaya ka tashi ka fita, famfonmu ya tsira. To daga yau duk inda aka ba ka kujera, ka tashi ka ba mutane wuri." Ta tura masa bokiti da ƙafa. "Ungo. Kuma ka ba wata layinka ka gani."