Sunan da Hasiya Ta Tsallake

Duk wanda ya taɓa neman aiki ko makaranta a Yelwa ya san shagon Hasiya mai buga takardu. Ɗan ɗaki ne a bakin hanyar da ta gangara daga tasha zuwa kasuwar kifi, tsakanin mai cajin waya da Deborah mai sayar da magani. Hayaƙin banda ya kama labulen ƙofar tun shekarar da aka rataye shi. Takardar da ta fito daga shagon, in ka kai ta Birnin Kebbi, ba sai ka faɗi garinku ba, hancin ma'aikaci zai faɗa masa.

Ubanta masunci ne, cikin waɗanda aka taso daga tsibiri lokacin da ruwan Kainji ya cinye garuruwa. Don haushin ruwa ya sa ta boko. Ta koyi tafireta, ta yi aikin ofis har yatsunta suka fara lanƙwashewa. Ta auri Sallau tela, mutumin kirki wanda bai taɓa gama ɗinkin salla kafin salla ba, ya kuma rasu da rigar wani a ƙarƙashin allurar kekensa.

Ɗansu na fari aka raɗa masa Jalaluddeen, suna mai nauyin buhun gero a kan jariri kamar ɗan tsako. Da aka yaye shi aka miƙa wa Goggo Altine, yayar Sallau, ta rene shi. Kunyar ɗan fari kuwa, Hasiya ta riƙe ta da ƙarfin da tsofaffin unguwa ma suka ce ta yi yawa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In dole ta kama sai ta ce "na wajen Altine" ko "wannan yaron". In ya shigo gida ta tuna tana da wanke-wanke. Shi kuma Yaya yake ce mata, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗi. A ɗakinta akwai hoton kowa har da na surukin maƙwabta, nasa ne babu.

Da ta bar aikin ofis, shi ya buɗe mata shagon. Ya kawo kwamfuta ta hannu, ya buɗe akawun a ciki da sunansa, tunda shi ya haɗa ta. Ya sa manhajar imel. Sabis ɗin Yelwa a lokacin sai ka ce bazawari, yau ya zo da fara'a, gobe ko ƙeyarsa, don haka ya tsara ta yadda duk saƙon da ya shigo zai sauko ya zauna a cikin kwamfutar, ba a barin komai a sama, wato can a intanet. Ya kuma liƙa wa manhajar wani ɗan ƙari, wanda da an ɗora takarda a kan sikana, injin ɗaukar hoton takardu, zai jefa hotonta cikin saƙo kai tsaye. Ya yi mata bayanin duk wannan, ita kuwa tana kallon bango, don ba a zuba wa ɗan fari ido.

Da aikin haɗa sola ya kai shi garuruwa, sai saƙonni suka fara shigowa imel ɗin shago. Kowanne takensa ɗaya: gwaji ne, a duba ko imel yana aiki. A ƙasa kuma hotonsa, ga shi a kan rufin wani asibiti, ga shi da sabuwar hula, ga shi ya yi ƙiba. Wani lokaci murya ce ya naɗa: "Yaya, ana ji na? Gwaji ne." Imel ɗin da ba ya ciwon komai ya sha gwaji shekara da shekaru. Amsarta kullum ɗaya ce, yana aiki. In shago ya yi shiru da azahar, sai ta juya fuskar kwamfutar ga bango kaɗan, ta buɗe, ta kalli ɗanta son ranta. Aiki take dubawa, wa zai ce ta yi rashin kunya?

Wata damina ya zo gida, aka kira shi aiki a wani ƙauye a ƙetaren ruwa ta wajen Wara. Jirgin ruwan da ya shiga ya ɗauki mutane da buhuna da babura fiye da ƙarfinsa, ya hau kan kututturen da ruwa ya ɓoye, ya kife. Masunta suka tsamo shi, aka yi masa sutura a bakin gaɓa. Hasiya ba ta ga fuskarsa ba.

A zaman makoki Goggo Altine aka kewaye, ita aka riƙe, ita ta suma aka yayyafa mata ruwa. Hasiya tana bakin murhu tana tuƙa tuwon baƙi. In an ce mata ya haƙuri, ta ce a je a yi wa Altine. Mata suka yi ta yabon dauriyarta, har ana kafa misali da ita ga 'yan mata, kamar wani abin gado.

Ta koma shago. Ba a daɗe ba sikanar ta mutu, ta bi wanda ya kawo ta, aka kawo wata daban. Tun daga ranar, duk safiya in ta buɗe manhajar imel sai wani ɗan akwati ya fito tsakiyar allo da Turancinsa, wai ya nemi ƙarin nan bai same shi ba. A ƙasa ga dogon layi na inda ya nema, a tsakiyar layin kuma, baƙi a kan fari, sunan yaron. Takan daɗe tana kallonsa kafin ta danna ya tafi. Mai cajin waya ya ce ya san mai gyara. Ta ce ai bai hana ta komai ba.

Sai ga shi ya fara hanawa. Ana tsakiyar ɗaukar ma'aikata, samari sun yi layi har bakin kwata da takardun makaranta a leda, manhajar ta soma sandarewa. Akwatin zai fito, ta danna, allon ya yi fari ya tsaya. Saƙo ba ya fita, tsofaffin ma ba sa buɗuwa. Wannan na biyun ne ya hana ta cin abinci, amma na farkon ta faɗa wa Deborah.

"Yaya Hasiya, wanga kwamfuta taki ta girmi kishiyar kakata," in ji Deborah. "Ki bari a duba ta, ko kuwa sai ta mutu a hannunki mu yi mata addu'ar bakwai?"

"Ke da magungunanki da suka gama aiki tun bara, ke za ki yi min maganar tsufa?"

Deborah ta yi dariya, ta kira wani Illo mai gyaran kwamfuta a Kontagora, ta miƙa mata wayar, ta koma wajen mai sayen maganin tari. Illo yana cikin hayaniyar shagonsa, ana jin janareta da gardamar ƙwallo a bayansa.

"Inna, ina wuni. Karanta min abin da akwatin ya ce, kada ki bar komai."

Ta gyara gilashi ta karanta masa, harafi bayan harafi, da Turancin ofis na zamanin da. Da ta iso tsakiyar layin sai ta tsallake, ta ci gaba.

"Tsaya, Inna. Akwai abin da ya ɓace. Tsakanin nan da nan ya kamata a ga sunan mai akawun."

"Akwai wani suna."

"Wane suna?"

"Suna dai."

"Naki ne?"

"A'a. Na wani yaro ne da ya taɓa aiki nan."

"Af, yaran shago. Haka suke, su cika wa mutum inji da tarkace su gudu. Yana zuwa har yanzu?"

"Ba ya zuwa."

"Zai dawo?"

Ta dubi layin samarin da ke ƙofa. Duk idanunsu a kanta, ɗaya ma jikan ƙawar Altine ne.

"Ba zai dawo ba."

Gyaran gaskiya ɗan ƙanƙani ne, a shiga wajen ƙarin a cire masa alama, shi ke nan. Illo ya so su bi ta nan, amma manhajar ta ƙi buɗuwa balle a kai wurin, ga shi ana ta kiransa. Sai ya zaɓi gajeriyar hanya irin ta masu gyara ta waya: a buɗe mata sabon akawun da sunanta, a goge na yaron gaba ɗaya. Ya bi da ita mataki mataki, ita kuma hannunta bai taɓa yi wa umarni gardama ba. Ta buɗe sabon. Ta je kan tsohon. Kwamfutar, wadda ta fi su hankali su biyun, ta tambaya ko a ajiye kayan mai akawun ko a goge.

"Goge," in ji Illo. "Cikinta ya cika, shi ya sa take nishi."

"Saƙonnin da ke ciki fa?"

"Imel ba ya ɓata, Inna. Yana can sama. Da kin sa adireshi za su sauko da kansu."

Abin da zai cece ta bai fi kalma huɗu ba: ɗana ne, ya rasu. Ta buɗe baki. Jikan ƙawar Altine ya matso yana leƙen allo, yana tambaya ko an kusa. Shekarun da ta yi tana haɗiye wannan magana sun fi ƙarfin minti ɗaya a waya da baƙo. Kuma ai mai gyara ya ce suna sama. Ta danna.

Kwamfutar ta tashi garau kamar an yi mata wankan jego. Babu akwati, babu sandarewa. Samari suka yi ta sa wa Illo albarka. Ta sa adireshi, saƙonnin ranar suka shigo, guda nawa ne, ta zauna jiran sauran. Ta ce sabis ne. Washegari ma ta ce sabis ne. Ta ci gaba da aiki, tana ɗaukar hoton takardun mutane tana turawa, daga safe har la'asar, ba ta san kowace takarda da ta shiga tana kwanciya ne a kan gurbin abin da aka goge ba. Da azahar takan juya allon ga bango, ta buɗe, ta rufe.

Deborah ce ta lura. Ta shigo da kunun zaƙi ta tarar da na jiya ba a taɓa ba.

"Mi ya faru?"

"Wasu takardun mutane ne ba su sauko ba."

"Waɗanne mutane?"

Hasiya ta shiga goge allon haruffa da bakin mayafi. Deborah ta daɗe da sanin abin da ake kallo da azahar, don bangon da ke tsakaninsu langa-langa ne, ta sha jin "Yaya, ana ji na?" tana ƙirga ƙwayoyi. Ta fita waje ta kira Illo. A gidan su Deborah ba a wannan kunyar, don haka ta faɗi sunan ɓaro-ɓaro, ta faɗi jirgin, ta kuma faɗa masa abin da take ganin ya dace da mai gyaran da ke aiki da kunne.

Illo ya shigo motar safe. Dogo ne siriri, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ya kwance cikin kwamfutar ya haɗa da tasa, ya wuni yana tono, gumi yana ɗiga a kan teburin. Ya duba sama, babu komai, yaron ya tsara kada a bar komai can. Ya tono takardun haihuwa na rabin samarin Yelwa. Muryar ba ta dawo ba ko ɗaya. Can wajen la'asar hoto guda ya fito, shi ma rabi: sararin sama, sabuwar hula, goshi, girar ido. Daga nan zuwa ƙasa toka-toka ne kamar an shafe da siminti.

"Inna, da kin gaya min. Wallahi da na bar komai na taho."

"Ku nawa ne wajen innarka?"

"Mu bakwai. Ni ne babba."

"Mi take ce maka?"

Ya sunkuyar da kai yana juya sukundireba a hannu.

"Kai kawai take ce min."

Deborah ta tsaya a bakin ƙofa. Illo ya share fuska ya tambaya ko ya buga mata rabin hoton a takarda mai kyau, ko ba komai a samu na riƙewa. Hasiya ta dubi allon. A waje wani tsoho yana jira da takardar filinsa, ga mai cajin waya ya leƙo, ga wasu mata biyu 'yan unguwar Altine sun tsaya sayen magani suna miƙa wuya.

"Buga," ta ce. "In za ka tasha ka biya ta gidan Altine ka ba ta. Ita ta yi renonsa."

Ta ja kujerarta gaban allon haruffa, ta ce wa tsohon ya shigo da takardarsa.