Ranar da Kwamfuta Ta Sa Malam Gaggawa

Ku matso, jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Ban taɓa mantawa da ranar da Laraba ta zo shagonmu daga Tiga ba.

A lokacin ina aiki wurin Sabi'u a Kwanar Dangora, mai juye tsofaffin kaset zuwa katin waya. Ni ke goge ƙurar kaset, ni ke zama da mata har a gama musu, don ba sa son zama cikin maza.

Laraba tsohuwa ce, ta girme ni. Ta kunce bakin zaninta, ta fito da kaset ɗaya tak: marigayi mijinta, Malam, yana rera Ishiriniya. Sabi'u ya juye shi cikin kwamfuta. Yana gamawa, zaren kaset ɗin ya cukurkuɗe, ya tsittsinke. Ba sauran Malam sai na cikin kwamfuta.

Aka kunna. Murya ta fito siririya, tana sauri kamar wanda hadari ya koro.

Laraba ta ce, "Ɗan nan, wannan ba Malam ba ne. Malam bai taɓa gaggawa wajen yabon Annabi ba."

Ta fara laluben takalmanta. Na riƙe hannunta, na ce, "Yaya, zauna tukuna."

Sabi'u ya duba, ya duba, gumi na zuba. Can ya ce, "Iya, kowace murya da mudun da aka auna ta da shi. Wannan a arba'in da huɗu na ɗauke ta, kwamfuta kuma tana fitar da ita a arba'in da takwas, mudun bidiyon biki, shi ya sa take sauri."

Na ce, "Ka auna da wani mudu, ka zuba da wani? A kasuwa da tuni kana gaban sarkin kasuwa!"

Ya gyara, ya ce daga yau kowace murya da nata mudun za ta fito. Ya sake kunnawa.

Sai ga gyaran murya, mai kauri, a natse. Laraba ta saki takalmin. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shiga yi masa amshi a hankali, yadda ta saba daga bayan zana.

Laraba ta bi Malam da damina ta zagayo. Katin yana hannun 'yarta a Tudun Wada. Sabi'u ya koma sayar da waya, zamanin kaset ya ƙare. Ni kuwa ga ni, ƙafa ta ƙi. Abin da na tsira da shi ɗaya ne: muryar mamaci amana ce, ba a ƙara mata sauri, ba a rage.