Agogon Gaya da Agogon Kamba

A ƙarshen zamanin Faransa ina da agogon hannu biyu, duka na kamfani ɗaya, don ban yarda da aikin kowa ba sai nasu. Tsohon na gada daga kawuna, fuskarsa ta dushe amma bai taɓa tsayawa ba. Sabon, mai madaurin ƙarfe, a Kano na saye shi. A lokacin ƙasar Ingilishi tana gabanmu da awa ɗaya, saboda haka na ajiye tsohon a kan lokacin garinmu Gaya, sabon a kan na Kamba, can ƙasar Ingilishi, inda nake kai ɗanyen kifi.

Wata rana matata tana shara ta gan su bisa akwati. Ta ɗan yi lakwal, wato boko, ta iya duba agogo, sai ta mayar da sabon daidai da tsohon.

Washegari na isa Kamba da kwando huɗu, ina duba sabon agogon, ina ganin da sauran lokaci. Ashe kamyon, babbar motar da za ta ɗauki kifin, ya riga ya tashi. Na sayar da biyu a wulaƙance, na komo da biyu.

Da na tambaye ta, ko gezau ba ta yi ba.

Ta ce, "Maigida, ɗayansu ƙarya yake yi, shi na gyara."

Na ce, "Duka biyun gaskiya suke faɗi."

Ta ce, "To, Ingilishi tasu ranar daban Allah ya yi musu?"

Ita ta yi bandar kifin da ya rage, ni na saro itacen.