Baba Mai Layi da Mita Huɗun da Ya Hana

Kulob ɗin garinmu ya tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni da maki ɗaya tak, amma mutumin da ya tsare masa wannan makin yana zaune a gida, an karɓe makullin sito daga hannunsa. Shi ne mai gyaran fili, wanda 'yan wasa ke kira Baba Mai Layi. An dakatar da shi ranar Litinin, kwana biyu bayan wasan ƙarshe na kakar bana.

Shekara ashirin da shida aikinsa ke nan. Kafin rana ta yi zafi ya zagaye fili da bokiti yana tsince ƙusa da fasasshiyar kwalba. Ya cike ramin da masu tsaron gida suka haƙa da takalmansu, ya ba ciyawa ruwa, ya ja igiya, ya zuba farar ƙasa. Wasa goma sha tara aka yi a gida bana, babu ɗaya da aka jinkirta saboda fili.

Ana gobe wasan ƙarshe, shugaban kulob ya same shi durƙushe a kusurwa. Baƙin da za su zo suna da 'yan wasan gefe biyu masu gudu kamar an koro su, shugaba kuwa so yake a matse musu wuri. Direban kulob da mai wankin riguna suna wurin, kuma bakinsu ya zo ɗaya kan abin da aka faɗa.

"Baba, shigo da layin nan ciki, mita biyu kowane gefe."

"Ranka ya daɗe, wannan ne faɗin da muka ba hukumar gasa a farkon kaka."

"Wa zai auna? Kai ka haifi filin?"

"Ban haife shi ba, amma ni na raine shi. In gudunsu ake tsoro, a ce wa yaranmu su rage tumbi."

Shugaba bai yi dariya ba. Baba ya san abin da zai biyo baya, ya dai ja layinsa inda ya saba.

Washegari baƙi suka nemi a auna fili. Kwamishinan wasa ya fito da tef, ya auna, ya sami komai daidai. Aka tashi ɗaya da ɗaya. Dokar gasa ta ce kulob ɗin da ya taɓa faɗin filinsa a tsakiyar kaka za a cire masa maki uku.

A walimar da aka yi, shugaba ya gode wa koci, ya gode wa 'yan kasuwa, har masu kiɗa ya gode musu. Takardar da aka kai wa Baba layi biyu ce, laifinsa "rashin biyayya".

Kai ne ka ƙi, Baba, a wurin da masu manyan riguna suka saba cewa to. Kai ne ka kare kulob ɗin daga mai kulob ɗin. Mun gode, Allah Ya saka maka. Duk wanda aka ba igiya ko ma'auni a wurin aikinsa, ya riƙe yadda ka riƙe naka.

Kwamitin kulob ya ɗage zama kan maganar Baba sau biyu. Masu duba filaye na hukumar gasa za su zo ranar tara ga wata mai zuwa, kuma turakun ƙarfe huɗu da ake fara awo daga kansu suna binne ƙarƙashin ciyawa. Baba ne kaɗai ya san inda suke. Har yanzu babu wanda ya kira shi.