Hutun Hannun Inna Kulu

A wani ƙauye gabas da Tsanyawa, inda gonaki suka matse juna har ba ka gane inda gyaɗar wani ta ƙare, geron wani ya fara, akwai wata tsohuwa Inna Kulu. Sana'arta sabulun salo. Tun tana budurwa take tace ruwan toka, ta dafa, ta cura da hannunta, kuma duk yankin babu jaririn da ba a yi wa wankan farko da sabulunta ba.

Amma ba sabulu ne ya sa ta yi suna ba, rijiyar unguwa ce. Shekarar da amai da gudawa ya shigo ƙauyen ya ɗauke mata 'yarta Hure, ana gama zaman makoki ta ɗauki tsintsiya da soso ta nufi bakin rijiya. Ba wanda ya sa ta. Kullum da safe sai ta goge dandamalin, ta buɗe hanyar ruwa, ta kori awaki. Wanda duk ya ajiye guga a ƙasa, ko da limami ne, zai ji a kunnensa. Mijinta Malam Hadi, manomi mai son tsokana, shi ya laƙaba mata Duba-gari, sunan kuwa ya bi ta.

Da tsufa ya zo, sai yanar ido ta rufe mata na dama, na hagu ma ya fara hazo. A asibiti aka ce likitocin ido za su zo bayan kaka, kuma inshorar lafiya ta tsofaffi za ta ɗauki nauyin aikin, amma sai an yi mata rajista, rajista kuwa sai na'ura ta ɗauki zanen yatsanta.

Ma'aikaciyar rajistar, wata yarinya mai fara'a Sa'adiyya, ta ɗora babban yatsan Inna a kan gilashin. Shiru. Ta goge, ta sake. Ta gwada na ɗaya hannun. Sannan ta juya tafin tana kallo.

"Inna, ina kika kai zanen yatsunki?"

"Ban ba kowa aro ba, 'yar nan."

"Sun shafe tas, kamar bayan cokali. Wane aiki kike yi?"

Malam Hadi ya ce, "Ki tambaye ta wanda ba ta yi, za mu fi saurin tashi."

Sa'adiyya ta ce ruwan toka da yawan goge-goge ne suka cinye su. In hannun ya huta, ana shafa masa mai, wataƙila zanen ya dawo kafin a rufe rajista. In bai dawo ba, sai wani zuwan likitocin, idon hagu kuwa ba lallai ya jira ba.

Wannan magana ta fi ciwon idon yi wa Inna nauyi. Ita dai tun da ta yi wayo ba ta taɓa sanin inda ake ajiye hannu ba in ba a cikin aiki ba.

Malam Hadi ya sayo man kaɗanya. Kowace safiya ya zaunar da ita, ya mulke yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya zura mata tsohuwar safarsa a hannu biyu. Daga nan ya saɓa tsintsiya ya nufi rijiya, tana biye da shi da kujerarta 'yar tsugunne a hammata. Mata masu ɗibar ruwa suka samu abin kallo.

"Malam, amarya aka sa a lalle ba a gayyace mu ba?"

"Ku yi haƙuri, auren gaggawa ne," in ji shi, yana durƙushe yana ta fama da gansakuka.

Inna ba ta gani sosai, amma kunnenta ras yake. "Malam, wannan ba guga ba ce, shafa ce. Danna soson."

"Duba-gari, gwiwar nan fa tare muka tsufa da ita."

Wata rana ya dawo daga masallaci da sassafe ya same ta a bayan rumbu, ta tuɓe safar, tana dirzar gindin tukunya da yashi. Ta yi tsuru kamar yarinyar da aka kama da hannu a tulun zuma. Bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya karɓe tukunyar.

Ta ce a hankali, "Malam, in na zauna haka, tunani ne ke zuwa. In na makance, wa zai ga ƙazantar bakin rijiyar nan? Ba na so wata uwa ta ga abin da na gani."

Ya ajiye tukunyar gefe. Sannan ya ɗebo ruwa ya wanke mata yashin, ya mayar da safar.

"To ki bar mini tukunya, ki riƙe idon. Ni gogewa kawai na iya, gani naki ne."

Daga ranar ba ta ƙara satar aiki ba.

Da aka fara cirar gyaɗa suka koma asibiti. Sa'adiyya ta ɗora babban yatsan dama, na'ura ta ƙi. Na hagu, ta ƙi. Inna ta fara laluben bakin mayafinta za ta tashi.

"Zauna, Inna, ai ba su ƙare ba."

Sa'adiyya ta bi sauran yatsun ɗaya ɗaya, Malam Hadi yana tsaye yana motsa baki. Sai da aka zo kan ɗan ƙaramin yatsan hagu, na'urar ta yi ƙara.

"Ya ɗauka! Wallahi ya ɗauka!"

Inna ta ɗaga ɗan yatsan ta kawo shi dab da idonta mai sauran gani.

"Wannan? Wannan da bai taɓa tsinana mini komai ba?"

"Kin ga ranar malalaci," in ji Malam Hadi. "Ki riƙa tunawa in kin tashi yi mini faɗa."

Sa'adiyya ta ce da wannan yatsan za a tantance ta ranar aiki, don haka a kula da shi. Inna ta tambaya ko sauran yatsun za su iya komawa bakin aikinsu. Aka ce su bari sai an buɗe ido.

A motar komawa gida, ta naɗe ɗan yatsan da gefen mayafi, ta ɗaga shi sama kada wani ya goge shi. Da yaron mota ya miƙo hannu zai taimaka mata ta sauka, sai ta ba shi na dama.