Ranar da Aka Aike Ta da Ƙosai

Shekarar da mutanen Mubi suka gudo Yola, Goggo ta sauka gidanmu a Damilu da 'yarta goye a baya. Shekararta biyar, shan inna ya shanye mata ƙafafu, da rarrafe take zaga tsakar gida. Ni aka ɗora wa kula da ita, ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Kafin ta miƙa hannu ga kofi na kai mata shi baki, kada ta ɓata mini lokaci.

A ganinmu gata muke yi mata. Tsoka babba tata ce, tabarmar inuwa tata ce, ko tsintsiya ba mai sa ta ɗauko.

Da azumi ya zo, mahaifiyarmu, Dada, takan jera kwanukan ƙosai kafin a sha ruwa, ta kira yara ɗaya bayan ɗaya ta aike su gidajen maƙwabta. Yarinyar tana kan tabarma tana bin su da ido. Kwana uku ta ƙi abincin yamma. A na huɗu ta ture kofin kunu ya malale.

Na ce, "Ke, me ke damunki? Ni baiwarki ce?"

Ta ce, "Adda, ni ba a aike na."

"Aike? Mu gudunsa muke yi!"

"Kowa ana kiran sunansa. Ni ba a kira."

Washegari na gaya wa Dada, sai Goggo ta ce atafau. "Ta ja jiki a titi da kwano, a ce mun tura ta bara?"

Na ce, "Goggo, gidan Bappa ne, katanga ɗaya. Wanda ya ce bara ya zo ya faɗa a gabana."

Dada ta kira sunan yarinyar da ƙarfi, yadda take kiran sauran. Muka ƙulle kwanon a ɗankwali muka rataya mata a wuya, ta zura silifa a hannaye. Ina biye da ita, hannuna yana ƙaiƙayin in sungume ta mu huta. Na harɗe shi a baya. Tafiyar taku ashirin sai da aka kira salla muna ƙofa.

Ta yi sallama da bakinta. Matar Bappa ta leƙo ta ce, "Au, ke ce yau? 'Yar aike, kin makara, ƙosai ya huce!" Yarinyar ta fashe da dariyar da ban taɓa ji ba. Ta dawo da dabino a kwanon, ta miƙa wa uwarta, gwiwoyinta fututu da ƙasa. Goggo ta kakkaɓe mata su. Da gari ya waye sai ga ta tana ɗinka mata tsumma a gwiwar wando.

Yanzu tana sakandare a Jimeta, a keken guragu take zuwa, in an aike ta har ƙunƙuni take yi kamar kowa. Ni ban yi haƙuri ba har yau. Na dai koyi harɗe hannuna a baya.