Wayar Teburin Alhaji

Aikin da ya faɗo hannuna a shekarar nan na wani shagon kayan gini ne mai rassa uku: babban a Tudun Ƙofa, ɗaya a bakin tasha, ɗaya a Garaku. Wayar tebur goma sha biyu, da kula da su duk wata. A ɗaya gefen kuma akwai dattijo guda da kujerarsa. Shi ban sa shi a lissafi ba.

Da cajin waya na fara sana'a, na koma sayar da layi, daga baya na koyi haɗa wayoyin ofis masu tafiya ta intanet. Ba wuya idan ka gane manhajar. Kana zaune a shagonka za ka buɗe kwamfuta, ka ba kowane tebur lambarsa, ka tsara wanda wayarsa za ta fara ƙara idan an kira daga waje, da wanda kiran zai koma wa idan bai ɗauka ba.

Mai shagon, kowa Alhaji yake ce masa. Da siminti a baro ya fara, kuma magina da kafintocin Keffi sun haddace lambar shagonsa tun ba yau ba. Babban ɗansa, wanda ya baro aiki a Abuja ya karɓi ragamar kasuwancin, shi ya nemo ni. Na shigar da tsohuwar lambar cikin sabon tsari, na sa kira ya riƙa fara sauka a teburin Alhaji, don babba ake fara gaisarwa.

Ba a jima ba ɗan ya same ni a shagona.

"Oga, akwai gyara. Baba sai ya riƙe layi yana tambayar mutum lafiyar kakarsa, wasu na jira. Ga shi farashin bara yake faɗa. Jiya ya sayar da kwano a kuɗin da ko ni ban saro shi ba."

"To ka gaya masa mana."

"Ni? In ce wa Baba ya daina ɗaukar waya a shagonsa? Kai dai ka cire shi daga hanyar kira. Wayar kuma a bar ta a wurinta."

Maganarsa da hujja, kuma shi ne mai sa hannu. Na cire wata 'yar alama a gaban lambar Alhaji, na danna ajiyewa. Shayin da na zuba bai huce ba aka gama.

Da na je zagayen wata, ina shiga babban shago Alhaji ya yafito ni.

"Kai mai waya, zo nan. Wannan abar taka kurma ce ko bebiya?"

"Ranka ya daɗe, me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, laifinta ke nan. Na yara suna ta kuka kamar 'yan tsaki, tawa ko tari."

Ma'aikata suka yi dariya, ni ma na yi. Na ɗaga kan wayar na saurara, sannan na je teburin mai karɓar kuɗi na buga lambar Alhaji ta cikin gida. Nan take ta ɗauki ƙara.

"Ka ji ko, Alhaji? Lafiyarta ƙalau."

Ban yi ƙarya ba, na dai san abin da na gwada da abin da na tsallake. Ya daɗe yana kallon wayar.

"To, ashe ba wayar ba ce," in ji shi. "Mutanen ne."

Ya ɓara goro ya miƙo mini, ya ce in yafe masa, ya zargi aikina a banza. Na karɓa da hannu biyu.

Daga nan ya fara zuwa shago da hantsi, sai ya koma ranar Juma'a kawai, sai ya daina. Wata rana ina reshen Garaku, wani magini ɗan ƙabilar Mada, tsohon kwastomansu, ya tare ni ya ce ina Baba ya shiga, duk sanda ya kira sai wata yarinya ta ɗauka ta ce me zai saya. Shi kuwa ba kullum saye ke sa shi kira ba. Na ce masa ya je gidan Alhaji a Angwan Iya ya gan shi. Ban san ko ya je ba.

Na kai wa ɗan Alhaji wannan magana. Ya ce a bari kasuwa ta ɗan daidaita tukuna. Ina iya mayar da alamar daga inda nake zaune, ko in taka in gaya wa dattijon cewa mutanensa suna nemansa. Duk lokacin da na buɗe shafin shagon ina ganin lambarsa a sama. Sai in yi abin da ya kawo ni in rufe.

Shagon ya buɗe reshe na huɗu, ni na haɗa wayoyinsa. Ta hannun ɗan na samu aikin wata makaranta da wani otal. Alhaji yana nan da ransa, yana zama a ƙofar gida da yamma. Idan na tsaya gaishe shi yakan sa mini albarka, ya ce a cikin mutanen shago ni kaɗai ne ban manta da shi ba. Ribar aikin tana wurina. Asarar kuwa shi ya ɗauka, kuma har yau bai san wanda ya ɗora masa ita ba.